Yadda Ake Nemo Kayan Gyaran Tsofaffin Kawunan Jirgin Ƙasa na Wasa

Wanda ya gaji ƙaramin kan jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, ko ya tsince shi a cikin kayan gwanjo, yakan fara ne da gaggawa: da zarar ya ɗora shi a kan dogo ya ga ya ƙi motsi, sai ya shiga intanet neman sabon inji. Sau da yawa kuɗin da za a kashe a wannan gaggawa asara ne, domin ƙananan jiragen da Märklin na Jamus, Lionel na Amurka, da Hornby da Tri-ang na Ingila suka ƙera a ƙarnin da ya gabata an yi su ne yadda za a iya kwancewa a gyara, kuma kusan kowane ɗan ƙarfe da ke cikinsu yana da lambarsa. Aikin neman kayan gyara, idan an bi shi a tsanake, aikin gano wannan lamba ne. Saye shi ne abu na ƙarshe kuma mafi sauƙi.

Mataki na farko: a san wane jirgi ne

A kifa jirgin a kan tsumma mai taushi, a duba ƙarƙashinsa da gefen ɗakin direba, a rubuta duk abin da aka gani: sunan kamfani, ƙasar da aka ƙera shi, da kowace lamba. A nan akwai tarko, domin lambar da aka rubuta da fenti a jikin jirgi sau da yawa lambar ainihin babban jirgin da aka kwaikwaya ce, ba lambar kaya ba. A jiragen Lionel na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wato daga 1945 zuwa 1969, lambar jikin ita ce lambar kayan a mafi yawan lokuta, kamar 726 ko 671. A jiragen Tri-ang da Hornby kuwa lambar kaya da harafin R take farawa, kuma akan same ta a kwali ko a ƙarƙashin jiki. Märklin ya yi amfani da haruffa da lamba har zuwa 1957, lokacin da ya koma lambobi huɗu, shi ya sa ƙaramin jirginsa da ya fito a 1953 da sunan CM 800 daga baya aka san shi da 3000.

Bayan haka a auna tazarar da ke tsakanin ƙafafun hagu da na dama. Milimita 16.5 na nufin girman HO, wanda ya ƙanƙanta ainihin jirgi sau 87, ko kuma OO na Ingila, wanda ya ƙanƙanta shi sau 76 amma yake tafiya a kan dogo mai faɗi iri ɗaya. Kimanin milimita 32 girman O ne, milimita 9 girman N, milimita 6.5 kuma girman Z da Märklin ya fito da shi a 1972.

Abu na uku da za a tantance, kafin a kusantar da kowace waya, shi ne irin wutar da jirgin ke sha. Idan akwai wani dogon ƙarfe mai santsi ko ƙananan naɗaɗɗun ƙarafa a tsakiyar ƙarƙashinsa, to jirgin yana ɗaukar wuta ne daga tsakiyar dogo, tsarin da ake kira dogo uku. Tsofaffin Märklin na HO da Lionel na O suna aiki da wutar AC, yayin da Hornby Dublo, wanda kamfanin Meccano ya fara ƙerawa a Libaful a 1938, yake aiki da DC mai bolt 12 duk da cewa shi ma dogo uku yake bi har zuwa 1959, lokacin da aka fito da nau'insa mai dogo biyu. Wannan bambanci yana shafar saye kai tsaye: ƙafafun jirgi mai dogo uku ba a raba wutar hagu da ta dama a cikinsu ba, saboda haka idan aka saka su a jirgi mai dogo biyu wuta za ta haɗu nan take, ko da a ido ba su da bambanci da na asali.

Mataki na biyu: a tabbatar akwai abin da ya lalace

Jirgin da ya yi shekara talatin a cikin kwali ba lalle ne ya lalace ba, galibi man da ke cikinsa ne ya daskare ya zama kamar ƙaro. A cire jikin, wanda yawanci noti ɗaya ko biyu ke riƙe da shi, a ɗauki hoto da waya kafin a taɓa komai, sannan a ci gaba da ɗaukar hoto bayan kowane abu da aka cire. A wanke giyoyi da ɗan sifirit na goge kayan lantarki da ƙaramin buroshi, a goge faifan jan ƙarfen cikin inji da kabon, wato ɗan baƙin gungumen da ke kai masa wuta, ke gogawa, a bi tsagin da ke tsakanin sassansa da tsinken sakace a fitar da baƙin da ya taru. Kada a fesa man kwance tsatsa irin na mota, kuma kada sifirit ya taɓa fenti. Sai a ɗiga mai marar kauri, ɗigo ɗaya a bakin allura, a kowane wurin da ƙarfe ke juyawa cikin ƙarfe.

Idan bayan wannan jirgin ya tashi, to neman kaya ya ƙare tun ba a fara ba. Idan bai tashi ba, a saurari yadda yake ƙin tashin, domin kowace cuta da alamarta. Inji na kuka amma ƙafa ba ta juyawa, giya ce ta zame ko haƙoranta suka cinye. Jirgi na tafiya yana ɗingishi da ƙarar ƙas-ƙas a kowane zagayen ƙafa, giyar roba ce ta tsage a kan sandarta, matsalar da ta shahara a jiragen Proto 2000 na Amurka. Inji na zafi da sauri kuma ba shi da ƙarfin ja, maganaɗisu ne ya yi sanyi ko koyil ya ƙone. Ƙafa na juyawa a wuri ɗaya, robar da ke kewaye da ita ce ta bushe ta faɗi. Da mitar gwajin wuta irin ta masu gyaran rediyo ana iya auna koyil: a injin mai sassa uku, ya kamata awon da aka samu tsakanin kowane sassa biyu ya yi kusan daidai da na sauran, kuma idan ɗaya ya bambanta ƙwarai to nan cutar take.

Mataki na uku: a nemo takardar sassa

Wannan shi ne matakin da ya fi cancantar a daɗe a kansa. Manyan kamfanonin sun buga wa kowane jirgi takarda mai zanen sassansa a warwatse, kowane da lambarsa a gefe. Tri-ang da Hornby sun buga irin waɗannan takardu masu jerin lamba, inda kayan gyara ke farawa da harafin X ko S. Lionel ya raba wa shagunan gyaransa babban kundin gyara, wanda aka sake bugawa daga baya kuma yana hannun masu tara jirage har yau. Märklin yana saka zanen a ɗan littafin da ke zuwa cikin kwali, kuma ana samun da yawa a shafinsa idan aka rubuta lambar kaya. Masu sha'awar wannan harka sun kwafi dubban irin waɗannan takardu sun saka a intanet, saboda haka rubuta sunan kamfani da lambar jirgi yakan isa.

Amfanin lamba shi ne tana buɗe ƙofar da sunan jirgi ba ya buɗewa. Kamfani ba ya ƙera wa kowane jirgi sabon kabon ko sabon sifirin, abu ɗaya yake sakawa a jirage goma ko hamsin. A tsarin Lionel, lambar kayan gyara tana farawa ne da lambar jirgin da aka fara amfani da abin a cikinsa, shi ya sa ɗan gangan da ke cikin na'urar sauya alkiblar tafiya yake ɗauke da lamba 259E-1, sunan wani jirgi na kafin yaƙi, alhali yana cikin jirage masu yawa da aka ƙera bayan yaƙin. Wanda ya nemi abin da sunan jirginsa kaɗai zai iya cewa babu shi a duniya, wanda ya neme shi da lamba kuwa zai same shi sabo a leda.

Bari mu dubi Märklin 3000 da kyau, tunda an sayar da miliyoyinsa kuma yana cikin mafi sauƙin faɗowa hannun mutum. Idan aka cire jikinsa za a ga murfin inji a gefe guda, da ƙananan ramuka biyu waɗanda siraran sifirin ke danne da abin da ke cikinsu. A tsofaffin nau'o'in, abin da ke cikin ramukan ba iri ɗaya ba ne: ɗaya baƙin kabon ne mai siffar ɗan gungume, ɗayan kuma naɗaɗɗiyar ragar jan ƙarfe ce, wadda aikinta ya haɗa da share faifan yayin da yake juyawa. Lambar wannan tagwaye ita ce 60030, wadda a yanzu ake rubutawa 600300. Amma daga baya kamfanin ya sauya wa jirage da yawa inji zuwa wani nau'i mai kabon biyu masu kusurwa huɗu, lambarsu 60146 ko 601460. Sunan jirgin bai sauya ba, kwalinsa ma kusan haka yake, amma kabon ɗin wancan ba ya shiga ramin wannan. Saboda haka ko an sami takarda, dole ne a gwada zanenta da abin da ido ke gani a cikin jirgin da ke kan tebur. Robobin ƙafa na Märklin su ma girma-girma ne, daga 7151 zuwa 7154, kuma banbancinsu bai wuce 'yan milimita ba.

Mataki na huɗu: a bi tarihin kamfanin

Da yawa daga cikin kamfanonin nan sun rushe, amma injinan da suke zuba ƙarfe da roba a ciki ba su rushe tare da su ba, sayar da su aka yi. Sanin wanda ya saya shi ne sanin inda kayan gyara suke. A 1964 kamfanin Lines Brothers, mai Tri-ang, ya saye Meccano, aka daina ƙera Hornby Dublo, sannan kamfanin G & R Wrenn ya karɓi kayan ƙirar ya ci gaba da fitar da jiragen da sunansa har zuwa 1992. Ma'anar wannan ga mai gyara ita ce sassa da yawa na Wrenn suna shiga Hornby Dublo mai dogo biyu. Haka kuma sunan Hornby da ke kan jirgin shekarun 1970 ba shi da dangantaka ta ƙira da Hornby Dublo, zuriyar Tri-ang ce da aka ƙera a Margate, kuma wanda ya rikita su biyun zai sayi abin da ba zai yi masa amfani ba. A 2004 Hornby ya saye sunayen Lima, Rivarossi, Jouef da Arnold. Märklin ya haɗiye Trix a 1997 da LGB a 2007. Sai dai kada a ɗauka cewa sabon mai suna yana riƙe da kayan tsoffin jirage, domin jiragen da aka sake fitarwa galibi an sauya musu inji gaba ɗaya. Abin da yakan yi daidai shi ne kayan jiki, kamar ƙugiyar haɗa taragu da gilashin taga.

Mataki na biyar: inda ake samu

A fara da kamfanin kansa idan yana raye, musamman don abubuwan da ke cinyewa, wato kabon, roba, ƙwan fitila da ƙarfen ɗaukar wuta. Märklin, wanda aka kafa a Göppingen a 1859, har yanzu yana sayar da irin waɗannan na jiragen da suka haura shekara sittin.

Bayan kamfani sai dillalan da suka keɓe kansu ga wannan sana'a. A Ingila akwai Peter's Spares a Middlesbrough don Hornby da Tri-ang da Lima, a Jamus akwai Ritter a Nürtingen don tsofaffin Märklin, a Amurka kuma akwai Henning's Trains a jihar Pennsylvania don Lionel, da NorthWest Short Line da ke ƙera giyoyin maye gurbi. Kayan da suke sayarwa iri uku ne, kuma ya kamata a tambayi wanne ake bayarwa: na asali da ba a taɓa amfani da shi ba, na asali da aka ciro daga wani jirgi, da sabon kwaikwayo. A ganina, ga duk abin da ke roba mai laushi, sabon kwaikwayo ya fi na asali, domin robar da ta yi shekara hamsin a leda ta tsufa kamar wadda ke kan ƙafar. Ga abin da ido ke gani a jiki kuwa, wanda ke son darajar jirginsa ta tsaya a wurin masu tarawa sai ya nemi na asali.

Ƙungiyoyin masu tara jirage su ma taska ce. Train Collectors Association ta Amurka, wadda aka kafa a 1954, reshenta na gabas yana shirya babbar kasuwa a garin York na Pennsylvania sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba. Hornby Railway Collectors' Association ta Ingila, tun 1969, tana haɗa membobinta da mutanen da ke ƙera sassan Hornby Dublo 'yan kaɗan-kaɗan a gidajensu, abubuwan da ba za a taɓa gani a babban shago ba.

Hanya ta ƙarshe, wadda sau da yawa ta fi arha, ita ce sayen mataccen jirgi iri ɗaya a ciro abin da ake so. A eBay na Ingila irin wannan kaya ana rubuta masa spares or repair, a na Jamus kuma defekt ko Ersatzteilspender, kuma neman abu da harshen ƙasar da aka ƙera shi yakan fito da ninkin abin da Turanci ke fitarwa. Jirgin da jikinsa ya fashe amma injinsa lafiya yakan yi ƙasa da kuɗin injin shi kaɗai. Sai dai a nemi hoton ƙarƙashi da na ciki kafin a biya. Na taɓa sayen irin wannan don ƙafafunsa daga wani mai sayarwa da ya nuna hoton gefe ɗaya kawai, da ya iso sai na tarar ƙafafun ɗaya gefen sun kumbura sun yi tsage-tsage kamar busasshen tabo.

Wannan kumburi cuta ce da ya wajaba a sani. An zuba sassa da yawa da gaurayen tutiya, kuma inda aka sami gurɓacewar dalma a cikin gaurayen, ƙarfen yakan kumbura a hankali, ya lanƙwashe, ya farfashe. Ta fi kama kayan shekarun 1930 zuwa 1950, ba ta da magani, kuma laima tana hanzarta ta. Abin da ya kamu sai dai a sauya shi, gam ba ya tsayar da ita.

Mataki na shida: idan babu lamba ko babu kaya

A nan awo ne ke maye gurbin lamba, kuma ana bukatar ma'auni mai baki biyu da ke nuna kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ga giya, a ƙirga haƙora, a auna faɗinta daga bakin haƙori zuwa bakin haƙori, a auna kaurinta da ramin tsakiya. Girman haƙori ana samunsa ta raba faɗin da adadin haƙora bayan an ƙara biyu: giya mai haƙora 20 da faɗin milimita 11 tana ba da 11 a raba da 22, wato 0.5, kuma da wannan adadi ake neman wadda za ta ciji 'yar'uwarta daidai. Ga noti, a tuna cewa na Ingila na wancan zamani zarensu na BA ne, kamar 6BA da 8BA, na Jamus na milimita ne, na Amurka kuma na inci, kuma tilasta wani a ramin wani yana cinye zaren cikin ƙarfe mai laushi. Masu buga abubuwa da na'urar 3D yanzu suna fitar da giyoyi da murafai na jiragen da kayansu suka ɓace, kuma suna aiki, ko da yake ba su kai giyar tagulla daɗewa ba.

Injin X04 na Tri-ang ya cancanci magana ta musamman, domin yana cikin jirage masu ɗimbin yawa kuma a nan ake yawan yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ɗan buɗaɗɗen inji ne mai maganaɗisu a ƙarshensa ɗaya, da giya mai zare irin na noti a ɗaya ƙarshen. Idan aka zare maganaɗisun don wankewa ba tare da an haɗa bakinsa biyu da wani ƙarfe ba, yakan rasa ƙarfi nan take, injin ya riƙa shan wuta fiye da ƙima har koyil ya ƙone. Maganin shi ne a sake cusa masa ƙarfi da na'urar da aka yi don haka, ko a saka sabon maganaɗisu na niyodimiyam da aka yanka daidai girmansa. Na biyun ya fi sauƙin samu ga wanda ke nesa da masu wannan na'ura, amma a zaɓi wanda aka yi wa injin musamman, domin mai ƙarfi fiye da kima yana sa injin fizga a tafiyar hankali. Akwai kuma ƙanensa X03, wanda ya yi kama da shi ƙwarai amma zaren giyarsa daban ne, kuma ba ya zama da giyar ƙafar da aka yi wa X04.

Koyil da ya ƙone ana iya sake naɗa shi, kuma mai naɗin koyil ɗin fanka da ke da haƙuri zai iya, muddin ya ƙirga zagayen tsohuwar wayar yayin kwancewa kuma ya sami siririya kamarta. Liƙa ƙananan wayoyi da dalma aikin mai gyaran waya ne, sifirin da ya ɓace kuma mai gyaran agogo yakan sami makamancinsa a cikin gwangwaninsa.

Mataki na bakwai: oda da haɗawa

Tunda kusan duk kayan nan daga Turai ko Amurka za su taso, kuɗin aikowa yakan ninka kuɗin kayan, saboda haka a kammala binciken jirgin gaba ɗaya kafin a yi oda, a haɗa komai a ƙunshi ɗaya, kuma a sayi kabon da roba da sifirin bibbiyu. A aika wa mai sayarwa hoton tsohon abin a gefen ma'auni tare da lambar, a nemi ya tabbatar a rubuce cewa zai shiga.

Idan kaya suka iso, a jera sabo da tsoho gefe da gefe kafin a cire komai daga leda, domin dillalai ba su cika karɓar abin da aka buɗe ba. Wajen mayar da ƙafafun jirgi mai sandunan gefe, dole ne maƙalar sanda ta gefe ɗaya ta sha gaban ta ɗaya gefen da kwatan zagaye, wato digiri 90, a kowace sandar ƙafa ba tare da bambanci ba, in ba haka ba jirgin zai riƙa cijewa a wuri ɗaya. A girman HO da OO na zamani masu dogo biyu tazarar bayan ƙafa zuwa bayan ƙafa kimanin milimita 14.5 ce. A ajiye tsoffin sassan a ƙaramar leda mai lambar jirgin, ko da sun lalace, domin su ne abin awo idan bukata ta sake tasowa.

Gwajin farko a yi shi da ƙaramar wuta, jirgin na kife, yatsa na kusa da injin don jin zafi. A kula da taransifoma fiye da jirgin kansa: ta Lionel an yi ta ne don wutar Amurka mai bolt 110 zuwa 120, kuma cusa ta kai tsaye a soket ɗin Najeriya ko Nijar mai bolt 220 zuwa 230 zai ƙone ta, sai da na'urar rage wuta a tsakani. Tsohuwar taransifomar da wayarta ta bushe ta tsattsage kada a kunna ta sai mai aikin lantarki ya sauya wayar ya gwada ta. A jirgin Märklin, idan bayan gyara ya riƙa juya alkibla da kansa yayin da yake gudu, sifirin na'urar sauya alkiblar ne ya yi sako-sako. Idan kuma yana zabura gaba lokacin da aka ba shi umarnin juyawa, sifirin ya yi tauri, kuma ana daidaita shi ta lanƙwasa ɗan maƙalinsa kaɗan-kaɗan ana gwadawa bayan kowace lanƙwasa.